Farashin Faifan CD da DVD: Roba Ake Saya Ko Abin da Ke Kanta?

A watan Janairun 2025 kamfanin Sony na Japan ya ba da sanarwar cewa daga Fabrairu zai daina ƙera faifan Blu-ray na ɗauka, wato wanda ake sayarwa babu komai a kansa. Panasonic ya riga shi, tun Fabrairun 2023. A Amurka kuwa, Netflix ya rufe sashensa na aika wa mutane DVD ta gidan waya a Satumbar 2023, shagunan Best Buy kuma suka sauke faifan fina-finai daga kantocinsu a 2024. Da labarin Sony ya bazu, mutane da yawa sun ɗauka faifai ya ƙare ke nan. Sanarwar ba ta kai nan ba. Ba ta shafi fina-finai da wasannin PlayStation da ake bugawa a masana'anta ba, kuma har yanzu akwai kamfanonin da ke ƙera faifan ɗauka.

Sai dai labarin ya taso da tambayoyi biyu da masu saye suka daɗe suna yi. Tunda robar ɗaya ce, me ya sa kuɗin faifan da aka ɗora wa fim ko waƙa yake ninka na emti sau da yawa? Sannan kayan da kasuwarsa ta mutu ai araha ya kamata ya yi, to me ya sa faifai mai kyau yake ƙara wuyar samu, kuɗinsa kuma ya ƙi sauka? Amsar duka biyun a cikin masana'anta take farawa.

Bugagge daban, emti daban

A ido kamar abu ɗaya ne: faɗi milimita 120, kauri milimita 1.2, nauyi bai kai giram 20 ba. Haka kamfanonin Philips na Holan da Sony suka tsara shi a 1980, aka fara sayar da shi a 1982. Amma faifan da ke kasuwa iri biyu ne, kuma hanyar yin su ba ɗaya ba ce.

Bugaggen faifai shi ne wanda fim ko waƙar ke cikin jikin robar tun daga injin. Ƙananan ramuka ne da ido ba ya gani, a jere a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki. Da za a warware layin CD ɗaya, zai wuce kilomita 5. Hasken leza ne ke bin layin yana karantawa. CD yana ɗaukar megabait 700, DVD da ya fito a 1996 yana ɗaukar gigabait 4.7, Blu-ray na 2006 kuma gigabait 25. Girmansu ɗaya, matse ramukan kawai aka yi, aka kuma sauya launin lezar.

Emti, wato CD-R ko DVD-R, ba shi da waɗannan ramuka. Layi ne kawai aka shata masa, aka shafa masa wani siririn rini, aka rufe da azurfa ko zinare, domin alminiyam ba ya jituwa da rinin. In an sa shi a kwamfuta, leza ce ke ƙona rinin ɗigo-ɗigo, ɗigon ya tsaya a madadin rami. Wannan ne ake kira bonin. Saboda rinin da azurfar, a wajen kayan haɗi emti ya fi bugagge cin kuɗi. Duk da haka shi ne mai araha a kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba roba ce ke yanke farashi ba.

Inda kuɗin bugu yake

Aikin bugu yana farawa ne a ɗakin da aka tace iskarsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya lalata aikin gaba ɗaya. Ana ɗauko faifan gilashi a goge shi sumul, a shafa masa sinadarin da haske ke yi wa tasiri, sai leza ta rubuta fim ɗin a kansa, a wanke, ramukan su fito. Daga nan a tsoma shi a ruwan nikel a sa wuta, ƙarfen ya taru a kansa har ya zama faranti mai ɗauke da siffar ramukan a juye. Wannan farantin ake ɗaurawa a bakin injin. Injin ya narkar da robar folikabonet, ya feso ta da ƙarfi a kan farantin, ta daskare, a cire. Daƙiƙa kaɗan faifai ɗaya ya fito. Sai a fesa masa alminiyam don ya riƙa mayar da haske, a rufe da siririn fenti, a buga hoto a bayansa. DVD kuma falle biyu ne masu kaurin milimita 0.6 ake mannewa.

Lissafin irin na hatimi ne: sassaƙa shi ke da tsada, dangwala shi a takarda ba ya cin komai. Ko faifai 100 za a buga ko 100,000, kuɗin gilashin da farantin nikel ɗaya ne. Shi ya sa masana'antu ba sa karɓar ƙaramin aiki, yawanci sai daga ɗaruruwa zuwa sama, kuma duk yadda adadin ya ƙaru haka kuɗin kowane ɗaya ke sauka. Mai son kwafi 50 na bidiyon biki ko na wa'azi ba shi da abin yi a masana'anta. Nasa emti ne, da doguwar na'urar kwafi mai bakuna da yawa da ake gani a shagunan masu ɗaukar bidiyo.

Ita kanta robar daga sinadaran ɗanyen mai ake haɗa ta, kuma kamfanoni kaɗan ne ke yin mai tsaftar da ta dace da faifai, irin su Covestro na Jamus da Teijin na Japan. In mai ya tashi, ita ma ta tashi. Ga bugaggen faifai da ake sayarwa da tsada wannan ba ya taɓa farashi sosai. Ga emti da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, tashin roba kaɗan yana iya cinye ribar duka.

Yadda emti ya faɗi warwas

A 1988 aka fitar da ƙa'idojin CD-R, kuma kamfanin Taiyo Yuden na Japan ne ya fara ƙera shi. Da farko kayan manya ne. Sai a 1995 aka samu na'urar bonin da kuɗinta ya sauko ƙasa da dala 1,000. Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Taiwan irin su CMC Magnetics da Ritek da Princo da Gigastorage suka shigo da ƙarfi, Moser Baer na Indiya ya biyo baya. Kowa ya ciyo bashi ya jera injuna, kaya ya fi masu saye yawa. Faifan da masana'anta ke sayarwa da daloli a 1997, kafin ƙarshen 2000 ya koma ƙasa da rabin dala.

A nan rigimar lasisi ta tashi. Philips da Sony da Taiyo Yuden su ne masu haƙƙin ƙirƙirar fasahar, kuma yarjejeniyarsu ta ce duk mai ƙera CD-R zai biya kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya sayar, ko yen 10, kuɗin Japan, a kan kowane faifai, duk wanda ya fi yawa. Lokacin da faifai ke da tsada ba wanda ya damu da yen 10. Da farashi ya zube, yen 10 ɗin ta zama babban kaso na abin da masana'anta ke samu. Kamfanonin Taiwan suka ce an shaƙe su, kuma haɗa kan da kamfanoni uku suka yi suna ba da lasisi ɗaya ya hana ciniki. Philips ya ce shi ya kashe kuɗin bincike, faɗuwar farashi kuma su suka jawo wa kansu da yawan injuna, sannan in an sassauta wa mai ƙin biya an zalunci mai biya. Hukumar kula da adalcin ciniki ta Taiwan ta ci tarar kamfanonin uku a 2001. A 2004 hukumomin Taiwan suka ba Gigastorage izinin amfani da fasahar Philips ko bai yarda ba, a 2008 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoton da ya ce wannan izini ya saɓa wa dokokin ciniki na duniya. Turai ɗin ma ta ɗora harajin kariya a kan CD-R na Taiwan a 2002, da na Indiya a 2003, don ceton masana'antunta.

Haƙƙin ƙirƙira shekara 20 yake yi, don haka wannan kaso ya daɗe da fita daga farashin CD-R. Abin da rigimar ta bari shi ne kasuwar da ta saba da ribar sisi-sisi, wadda sai mai ƙera miliyoyi ke iya rayuwa a cikinta. Hatta sunan da ke jikin faifai sau da yawa ba na mai ƙerawa ba ne. Manyan kamfanoni sari suke yi daga Taiwan su buga sunansu, ainihin masana'antar kuwa tana rubuce a cikin layin faifan, sai manhajar kwamfuta ke iya karanto ta.

Harajin kwafi

A wasu ƙasashe akwai wani kuɗi da ake ɗorawa a kan emti tun kafin ya iso kanti. Hujjar ita ce mutane za su kwafi waƙoƙi a gida ko an so ko an ƙi, don haka gara a halatta musu, a karɓi wani abu a raba wa mawaƙa da marubuta. Jamus ce ta fara irin wannan tsari a 1965, amma a kan na'urorin ɗauka ta fara ɗora shi. Amurka ta sa kashi 3 cikin 100 a dokarta ta 1992, amma a kan emtin da aka keɓe don waƙa kawai. Kanada ta kai nata santi 29 a kan kowane CD-R, abin da a wasu lokuta ya fi ainihin kuɗin faifan.

Masu goyon baya suna ganin ita ce hanya mafi sauƙi ta biyan mai fasaha ba tare da an shiga ɗakin kowa ba. Masu suka suna tambaya: asibitin da ke ajiye hoton majinyata a CD, waƙar wa ya kwafa? A 2010 Kotun Tarayyar Turai ta ba su gaskiya a wani ɓangare, a shari'ar da ta taso daga Sifaniya, inda ta ce ba daidai ba ne a ɗora harajin kan kayan da a fili yake ba don kwafin gida aka saye su ba. Najeriya ta fitar da nata umarnin a 2012, ya yi shekaru ba a aiwatar ba, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta sake tanadar harajin. Gana ma tana da irinsa a dokarta ta 2005.

Bugaggen faifai: wa ke cin me?

A ƙarshen shekarun 1990 sabon CD na waƙa a Amurka yana kaiwa dala 15 zuwa 19, alhali buga shi da gidansa da takardar ciki bai fi kimanin dala ɗaya ba. Ragowar ta mai kanti ce, da mai rarrabawa, da kamfanin waƙa, da mawaƙi, da marubucin waƙar, wanda doka ta yanka masa santi 9.1 a kan kowace waƙa daga 2006, aka ɗaga zuwa santi 12 a 2023. Kamfanoni suna cewa yawancin abin da suke fitarwa ba ya mayar da kuɗinsa, don haka wanda ya samu karɓuwa shi ke ɗaukar nauyin sauran, ga kuɗin situdiyo da na talla. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma hukumar Birtaniya da ta binciki farashin CD a 1994 ba ta same su da laifi ba.

Amma ba ita ke nan ba. A watan Mayun 2000 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta tilasta wa manyan kamfanonin waƙa biyar su daina wata dabara: duk kantin da ya tallata CD ƙasa da farashin da suka yanka, sai su janye masa tallafin talla. Hukumar ta ƙiyasta cewa masu saye sun biya ƙarin dala miliyan 480 cikin shekara uku. Kamfanonin suka ce ƙananan shagunan waƙa suke karewa daga manyan kantunan da ke karya farashi don jawo masu sayen firji da talabijin. A 2002 suka sasanta da jihohi a kan dala miliyan 67.4 tsaba da faifai na dala miliyan 75.7 da aka raba wa makarantu da ɗakunan karatu, ba tare da sun amsa laifi ba. A shekarar 2000 an fitar da CD sama da miliyan 940 a Amurka. Da intanet ta fara cin kasuwar, kamfanin waƙa na Universal ya sauke farashinsa daga dala 18.98 zuwa 12.98 a 2003, ba tare da wani abu ya sauya a masana'anta ba. Farashin bugaggen faifai yana bin abin da mai saye zai iya jurewa ne, da kuma ko yana da wata mafita.

Kano: darajar tana kwali

Kasuwar fina-finan Hausa ta fito da wannan lissafi fili fiye da ko'ina. Tun zamanin kaset, furodusa kan gama fim ya buga kwalayensa, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata tare da kwafin asali. Su za su sayi emti su yi dobin, su sa a kwali, su biya furodusa gwargwadon kwalin da aka sayar, sau da yawa bayan kaya ya shige. Kaset da kwali orijina ne, kaset ba kwali kayan sata ne. Kuɗin roba na ɗan kasuwa, kuɗin fasaha na jikin kwali. Daga nan kaya ke bin motocin Katsina da Sakkwato, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram da Yamai.

Da VCD ya maye gurbin kaset a shekarun 2000, wasu suka riƙa kai aiki Legas a buga a masana'anta, wasu suka tsaya a bonin. Sai dai faifai ya zo da abin da kaset ba shi da shi. Kaset in an kwafa daga kwafi hoto dusashewa yake, don haka orijina yana da fifikon da ido ke gani. Faifai kuwa kwafi na goma daidai yake da na farko. Mai satar fasaha bai biya jarumi ba, bai biya mai kyamara ba, bai biya kuɗin tace fim ba. Emti kawai ya saya da bugun kwali. Ba yadda furodusa zai yi gogayya da shi a farashi. Ga kuma DVD mai ɗauke da fina-finai goma ko fiye a faifai ɗaya da ya cika kasuwanni, wanda ya koya wa mai saye cewa fim ba shi da wata tsada.

Kowane ɓangare da nasa ƙorafin. Furodusoshi sun zargi 'yan kasuwa da riƙe kuɗi da buga abin da ya wuce adadin kwali. 'Yan kasuwa suka ce su ke ɗaukar asarar kayan da ya yi kwantai, ga fina-finai sun yi yawa a mako. Mai saye kuma ya ce aljihunsa yake dubawa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta fitar da ƙa'idoji a 2006 da suka wajabta wa masana'antun faifai yin rajista, aka kuma ɗora musu sa lambar shaida, wadda ake gani a zoben da ke kusa da ramin tsakiya, don a gane injin da ya buga kowane faifai. Dabarar tana kama masana'anta, amma ba ta kama mai na'urar kwafi a cikin ɗaki. Kafin a shawo kan wannan ma, memori da waya suka iso, masu tura fina-finai suka buɗe shaguna a kowace unguwa, kuɗin kwafi ya koma kusan babu. Daga tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifan Kannywood ta durƙushe, harkar ta koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24.

Me ya hana shi araha yanzu?

Yawa ne ya kawo arahar, kuma yawan ne ya tafi. Injin da aka kafa don ya yi aiki dare da rana, in ya koma rabin aiki, kuɗin wuta da ma'aikata da gyara sai ya hau kan faifai kaɗan. Masu ƙarfi sai su janye. Taiyo Yuden, wanda faifansa ya yi suna a inganci, ya bar harkar a 2015, CMC ya karɓi fasaharsa. Moser Baer ya karye, aka ba da umarnin sayar da kadarorinsa a 2018. A 2019 Mitsubishi Chemical ya sayar da Verbatim, reshensa mai sayar da faifan emti, ga CMC ɗin dai. Yanzu akasarin emtin duniya daga hannun kamfanoni ƙalilan yake fitowa, mafi girmansu a Taiwan, kuma inda masu ƙerawa suka ragu ba mai dalilin karya farashi. Masu yin roba da rini su ma sun juya ga wasu kasuwanni, irin su fitilun mota da kayan lantarki. Akan ci karo da tsohon kaya ana karyar da shi don a huta, amma wannan araha ce ta share sito, in ya ƙare ya ƙare.

A Najeriya akwai ƙarin nauyi. Da dala ake shigo da emti, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 kuma ta haura naira 1,500 a 2024. Ko da kuɗinsa bai motsa a Taiwan ba, a Legas da Kano ya ninka. Dillalin da a da ke cika kwantena da faifai yanzu 'yan katan yake sakawa cikin wasu kaya, kuɗin dako da na kwastan ya hau kansu.

Bugaggen faifai shi ma ya sauya masu saye. A ƙasashen Yamma ya koma hannun masu son mallakar abin da suka biya da masu tara kayan tarihi, waɗanda ba sa jayayya da farashi. Tun 2022 faifan garmaho ya fi CD yawan fita a Amurka.

Waɗanda abin zai taɓa

Mai kallon fim a waya ba zai ji komai ba. Waɗanda za su ji su ne asibitocin da ke ba majinyaci hoton sikanin a CD, da makarantun da ke neman ɗalibi ya miƙa kundin bincikensa a faifai, da masu ɗaukar bidiyon biki, da masu sayar da karatu da wa'azi a tasha da bakin masallaci ga direbobi da dattawan da rediyon motarsu ko na'urar ɗakinsu faifai take ci. Su za su riƙa biyan ƙari, ko su koma filasha wadda kuɗinta ya fi na faifai nesa ba kusa ba. Na'urar karantawa ma tana ƙaranci: sababbin kwamfutocin hannu ba sa zuwa da gurbin faifai, LG kuma ya daina ƙera na'urar Blu-ray a 2024.

Babbar barazanar tana kan abin da aka riga aka ajiye. Akwai tsofaffin fina-finan Hausa, da tafsirai, da waƙoƙi, da bidiyon bukukuwan iyali waɗanda kwafinsu kaɗai yana kan faifan bonin. Rini ba ya son rana da zafi da laima, kuma emti mai araha na shekarun gogayya shi ya fi saurin lalacewa. A CD, bayanan suna dab da ɓangaren da ake rubutu a kai, don haka ƙarzanen sama ya fi na ƙasa illa, biro mai tsini ma yana iya kashe shi. In aka ɗaga faifai a haske aka ga ƙananan huji, ko bakinsa ya fara sauya launi, ko azurfar na ɓarewa, to lalacewa ta fara. Mai tarin faifai da zai juye su a kwamfuta, da na bonin zai fara, bugaggun da ke da lambar masana'anta a zoben tsakiya za su iya jira.